Labulen Wurin Wanka

A gidajenmu na gargajiya, zana ko katanga ke kare mai wanka. Amma a gidajen zamani, inda ruwa ke zubowa daga famfo ta bisa, akan rataya labule. Amfaninsa biyu ne. Na fari, yana suturta mutum. Na biyu, yana tare ruwa kada ya fantsama ko'ina, gama daɓe in ya jiƙe yakan yi santsi, har tsoho ko yaro ya zame ya karye.

Mai son ɗinka irin wannan labule sai ya fara da awo. Ku tuna, inci 36 ke yin yadi 1. A ce faɗin wurin inci 60 ne. To, sai a ƙara inci 12, ya zama 72, watau yadi 2, don labule in ya ɗame sarai yakan bar kafa a gefe. Sa'an nan a auna tsawo daga sandar rataya zuwa ƙasa, a rage inci 2 don kada bakinsa ya riƙa jan ruwa. Kada a manta da ƙarin ƙyalle na kalmasa.

Bayan awo sai zaɓen ƙyalle. Na auduga yana da kyaun gani, amma yana shan ruwa, yakan kuma tsuke a wankin fari. Saboda haka a wanke shi kafin a sa masa almakashi. In rinanne ne, a jiƙa ɗan guntu tukuna a ga ko yana zuba. Nailan kuwa ba ya shan ruwa sosai, yana bushewa da wuri. Waɗansu sukan haɗa biyu: auduga daga waje, leda daga ciki.

Tela zai kalmashe bakin sama riɓi biyu don ya yi ƙarfi, ya huda shi wuri 12, tsakaninsu wajen inci 6, a sa zobba. Bakin ƙasa kuma a yi masa kalmasa mai kauri, don nauyinta ya hana labulen lilo.

Abu guda ya rage. In an gama wanka, a ware labulen, a buɗe taga ya sha iska. Wanda aka bari a tattare da laima, fumfuna ke kama shi, ya yi baƙi-baƙi, ya yi wari, ya ruɓe tun bai tsufa ba.

Yanzu ku auna ƙofar ajinku, ku lissafa yadi nawa labulenta zai ci.