Hunturun 1963: Lokacin da teku ya daskare a Birtaniya

Duk lokacin da dusar ƙanƙara ta tsayar da harkoki a Birtaniya, akan ji dattawan ƙasar na cewa abin bai kai na 1963 ba. Alƙaluma kuwa suna goyon bayansu, domin tun 1740 ba a ga hunturu mai sanyinsa a tsakiyar Ingila ba, kuma har yanzu ba a sake gani ba.

Ƙanƙarar ta fara sauka gadan-gadan ne ranar 26 ga Disamban 1962. Kafin ƙarshen watan, guguwa ta tara ta har tsayin mita 6 a wasu sassan Wales da kudu maso yammacin Ingila, inda ta rufe hanyoyi, ta datse ƙauyuka, ta binne tumaki a makiyaya.

A watan Janairu ruwan teku ya daskare a gaɓar Herne Bay da ke yankin Kent. Bututun ruwa ma ya daskare a ƙarƙashin ƙasa, sai da aka riƙa kai wa jama'a ruwa cikin tankoki. Aikin gini ya tsaya, magina da dama suka zauna a gida.

Ƙwallon ƙafa ma bai tsira ba. Zagaye na uku na gasar cin Kofin FA, wanda aka shirya yi ranar 5 ga Janairu, sai ranar 11 ga Maris aka kammala shi.

Me ya jawo?

Bisa al'ada, iska mai ɗumi daga Tekun Atlantika ce ke sassauta wa Birtaniya sanyi. A wannan shekara, wata iska mai nauyi ta kafu a arewacin Turai ta tare mata hanya, lamarin da ya bai wa iskar gabas mai tsananin sanyi daga ɓangaren Rasha damar kwararowa har tsawon makonni.

Abin lura shi ne, hunturun bai kafa tarihin sanyi mafi tsanani na dare guda ba. A Braemar da ke Scotland an auna digiri 22.2 ƙasa da sifili a ma'aunin Celsius, alhali a garin an taɓa auna 27.2 a 1895, aka sake aunawa a 1982.

Daɗewarsa ce ta wahalar da mutane: sai ranar 6 ga Maris gari ya waye ba tare da sanyi mai daskarar da ruwa a ko'ina cikin ƙasar ba.