Yunƙurin rage ƙarfin kuɗi a siyasar Amurka

A watan Janairun 2010, Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Citizens United, da rinjayen alƙalai 5 a kan 4. Hukuncin ya ce gwamnati ba ta da hurumin hana kamfanoni da ƙungiyoyin ƙwadago kashe kuɗi wajen tallata ɗan takara ko sukarsa, muddin ba da haɗin bakinsa ba ne. Tunda kotun ta kafa hujja da 'yancin faɗin albarkacin baki, dokar majalisa ba ta isa ta soke shi ba; sai dai kotun ta sauya matsayi, ko a gyara tsarin mulki.

Gyaran kuwa jan aiki ne: sai an samu kashi biyu bisa uku a majalisun tarayya biyu, sannan jihohi 38 cikin 50 su amince. A 2014 wani ƙuduri na yin gyaran ya tsaya a ƙuri'a 54 a Majalisar Dattawa.

Masu fafutuka sun bi hanya biyu. A Afrilun 2016 'yan ƙungiyar Democracy Spring sun taka a ƙafa daga Philadelphia zuwa Washington, suka yi zaman dirshan a gaban majalisa, 'yan sanda suka kama ɗaruruwansu. Wasu kuma sun koma jihohi, wanda ya fi ma'ana domin a can za a ƙirga amincewar: a 2012 masu zaɓe a Montana da Colorado sun goyi bayan gyaran da gagarumin rinjaye.