Jatan Lande a Akwatin Kifi da Darasin Fadamar Rima

Masu kiwon kifin ado sukan zuba jatan lande cikin akwatin gilashi domin ya cinye gansakuka da ragowar abinci, ruwa ya daɗe bai gurɓata ba. Amma idan kifin diskus ne a ciki, wanda asalinsa kogin Amazon ne, sai a yi hattara. Wannan kifi yana bukatar ruwa mai ɗumin digiri 28 zuwa 30, kuma duk jatan landen da bakinsa ya iya ɗauka, haɗiye shi yake yi. Saboda haka wajibi ne a dasa ciyawar ruwa mai duhu inda ƙanana za su ɓuya, in ba haka ba mai shara ya zama kalaci.

Wannan ƙa'ida ce ke riƙe da fadamar Rima daga Argungu zuwa Birnin Kebbi. Cikin burgun da ambaliyar damina ke shafewa ne 'ya'yan kifi suke tsira daga giwan ruwa. Bayan gina madatsun Bakolori a 1978 da Goronyo a 1984, ambaliyar ta ragu. Duk inda mafakar ƙanana ta ƙare, masunci zai ɗaga homa ba kifi.