Inshorar Mota da Sabon Direba: Yadda Ake Rage Tsadarta

Abin da ake nufi da inshorar mota shi ne yarjejeniya tsakanin mai mota da kamfani, inda mai motar zai riƙa biyan wani adadin kuɗi duk shekara, kamfanin kuma ya ɗauki nauyin biyan diyya idan haɗari ya auku. A Nijeriya wannan al'amari ya samo asali ne tun daga dokar shekarar 1945, wadda ta wajabta wa duk mai abin hawa ya yi inshorar da za ta kare wanda ya yi wa ɓarna a kan hanya. Hukumar NAICOM, wadda aka kafa a 1997, ita ke sa ido a kan kamfanonin da ke wannan sana'a.

Manyan nau'o'in inshorar mota biyu ne. Akwai ƙarama, wadda doka ta tilasta, kuma ita ba ta gyara motar mai ita, sai dai ta biya wanda aka buge ko aka lalata wa dukiya. Akwai kuma cikakkiya, wadda ta haɗa da gyaran motar mai inshorar, da sata, da gobara.

A ƙasashe irin su Ingila, shekarun direba ne kan gaba wajen yanke farashi, domin kamfanoni na ganin matashi ya fi saurin yin haɗari. Shi ya sa matasan can sukan yarda a sanya wa motarsu wata na'ura mai lura da yadda suke tuƙi, don a sassauta musu. A nan gida kuwa lamarin ya sha bamban. Daga 1 ga Janairun 2023, hukuma ta mayar da kuɗin ƙaramar inshorar motar gida Naira 15,000 a shekara, maimakon Naira 5,000 da ake biya a da, ta kuma ɗaga diyyar dukiyar da aka lalata daga Naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. Wato ke nan, ɗalibin Jami'ar Ahmadu Bello da ya karɓi lasisi jiya a Samaru, da dattijon da ya shekara talatin yana kai kaya kasuwar Sabon Gari a motarsa ta gida, kuɗi ɗaya za su biya.

A nan ne sabon direba ya fi faɗawa tarko. Tun da farashin a ƙayyade yake, duk wanda ya tare shi a bakin ofishin lasisi ya ce zai samo masa takarda a kan Naira dubu uku ko biyar, to jabu zai sayar masa. Irin wannan takarda tana iya wucewa a idon wanda bai duba da kyau ba, amma ranar da matashin ya daki bayan wata tsadaddiyar mota a cunkoson Kwangila, babu kamfanin da zai amsa kiransa. Shi da iyayensa ne za su biya, wani lokaci har a sayar da motar ba ta isa ba. Araha, in ji Hausawa, ba ta ado. Ƙungiyar kamfanonin inshora ta ƙasa tana da rumbun bayanai mai suna NIID, inda mutum zai sa lambar motarsa ta waya ko intanet ya ga ko inshorarsa ta gaskiya ce. Tun daga 1 ga Fabrairun 2025 kuma 'yan sanda suka tsananta binciken wannan takarda a kan hanyoyi.

Inda ake samun ragi na haƙiƙa shi ne wajen cikakkiyar inshora. Ita ana lissafa ta ne bisa darajar mota, kuma ƙa'idar 2023 ta ce kada ta gaza kashi 5 cikin 100 na wannan daraja, ko da bayan an yi rangwame. Alal misali, motar Naira miliyan 4 za ta ci aƙalla Naira 200,000 a shekara, ta miliyan 10 kuwa Naira 500,000. Ashe ke nan tun ranar sayen mota ake rage kuɗin inshora. Matashin da ya fara da 'yar tsohuwar mota mai sauƙin kayan gyara, wadda kanikawan Sabon Gari suka san cikinta, ya riga ya sauƙaƙa wa kansa, kuma idan motar ta tsufa ainun, ƙaramar inshora kaɗai tana iya wadatar da shi. Sai dai bai kamata ya rage darajar motar a takarda don ya biya kaɗan ba, domin diyyar da za a ba shi ba za ta wuce abin da ya rubuta ba.

Haka kuma, kamfanoni sukan yi sassauci ga wanda ya shekara bai nemi diyya ba. Saboda haka koyon tuƙi a makarantar da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta amince da ita, da haƙuri a tsakanin 'yan acaɓa da masu keke a hanyar Samaru zuwa PZ, suna da tasiri a aljihu. Yana da kyau kuma sabon direba ya tambayi kason da aka ce shi zai biya da kansa a kowane gyara kafin kamfani ya cika sauran, ya kwatanta na kamfani biyu ko uku kafin ya sa hannu.

Wanda yake da ƙyashin inshorar da aka saba saboda dalilin addini, akwai tsarin takaful, wanda hukuma ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013. A cikinsa mahalarta ne ke tara gudummawa a asusu ɗaya don taimakon wanda asara ta samu, kuma idan an sami rara a ƙarshen shekara, akan raba wa waɗanda ba su karɓi diyya ba.