Daidai ruwa, daidai tsaki: yadda ake zaɓen injin jirgin ruwa

A gundumomin Malbaza, Ƙwanni da Illela babu babban kogi, amma akwai ruwa. Gulbin Majiya yana ratsa ƙasar da damina, ya bi ta Birnin Ƙwanni, ya zuba cikin tabkin Kalmalo a Nijeriya. An tare shi da baraji biyu, na Zango da na Mozage, saboda ban ruwan gonakin Ƙwanni. Can arewa kuma ga tabkin Ɗan Dutsi da na Tabalak, waɗanda aka sa cikin jerin wuraren ruwa masu muhimmanci na duniya a 2005. A waɗannan tabkuna ana su, ana kama tarwaɗa da karfasa.

Matasan da suka je cin rani Gaya ko tabkin Cadi sun ga jirage masu inji. Wasu sun dawo da burin sayen ƙaramin jirgin alminiyum da injinsa. Buri ne mai kyau. Sai dai sabon inji yana cin kuɗin bijimai, ko kuɗin albasar shekara guda. Wanda ya yi zaɓen tumun dare, shi da iyalinsa za su ji a jika.

A fara duba ruwan

Tambaya ta farko ita ce: ruwan da za a shiga yana bukatar inji? Tabkunan Adar ba su da zurfi sosai. Yashi da laka suna cike barajojin kowace shekara, ruwa kuma yana janyewa da bazara. A ƙaramin tabki, filafili da gwangwala sun isa, ba su shan mai. Inji yana biyan kuɗinsa ne inda tafiya ke da nisa, ko inda ake ƙetarar da mutane da kaya. Kafin a kashe ko dala, a je wurin sarkin ruwa da ma'aikatan gandun daji, a ji ƙa'idar wurin, a kuma yanki takardar izinin su.

Ƙarfin inji

Ana auna ƙarfin inji da doki. Akwai mai doki 2, 5, 8, 15, har 40 da fiye. Manyan jiragen katako na kogin Kwara su ne ke aiki da mai doki 40. Jirgin alminiyum mai tsawon mita 4 ba ya bukatar haka. Mai doki 5 zuwa 15 ya ishe shi.

Alminiyum ba shi da nauyi. In aka ɗaura masa babban inji, sai gindin jirgin ya nutse, goshinsa ya ɗaga sama, ruwa ya shigo ta baya. Inji mai doki 15 kaɗai ya kusan kilo 40. Jirgin da ya fito daga masana'anta yakan zo da ɗan allon ƙarfe a jikinsa. A kansa an rubuta iyakar dokin da zai ɗauka da yawan mutane. Wanda ya iya karatu sai ya karanta da kansa, ba mai saye ba ne zai gaya masa.

Tsawon ƙafa

Inji yana da ƙafa wadda ke shiga ruwa, a ƙarshenta farfela take. Akwai gajerar ƙafa, wajen santimita 38, da doguwa, wajen santimita 51. A auna bayan jirgi daga baki zuwa ƙasa, a tafi kasuwa da awon. In ƙafa ta yi gajarta, farfela za ta riƙa juyawa cikin iska, jirgi ba ya tafiya. In ta yi tsawo, za ta riƙa bugun ƙasa da kututture, ta yanke tarun mutane.

Mai gauraye ko mai zuba daban

Inji iri biyu ne. Na farko ana gauraya masa fetur da baƙin mai. Yana da sauƙin ɗauka da sauƙin gyara, amma yana shan mai da yawa, yana hayaƙi. Galibi ana zuba mudu 1 na baƙin mai cikin mudu 50 na fetur, wato rabin lita cikin tanki mai lita 25. A bi abin da littafin injin ya ce, don sabon inji yakan so fiye da haka. Na biyu yana da wurin baƙin mai daban, kamar mota. Ba ya shan fetur sosai, amma ya fi nauyi, ya fi tsada, gyaransa kuma sai gwani.

A yi lissafin mai tun da wuri. Mai gauraye mai doki 15 yana iya shanye wajen lita 7 cikin awa guda in an sake masa wuta duka. Tun da Nijeriya ta cire tallafin mai a 2023, man kwalba na bakin iyaka ya daina arha irin ta da. In kifin yini bai biya kuɗin man yini ba, inji ya zama kaya.

Kayan gyara

Kafin a tambayi kuɗin inji, a tambayi inda ake samun kayan gyaransa. Akwai makanikin da ya san shi a Ƙwanni ko Tawa? Ana samun buji da farfela a kusa, ko sai an je Sakkwato ko Yamai? Abin da ya sa masunta da yawa a Afirka ta Yamma suka riƙe Yamaha ke nan, don kayansa sun yaɗu. Inji mai arha wanda babu kayansa, ranar da ya tsaya ya tsaya ke nan. Araha ba ta ado.

Wannan inji da ruwa yake hucewa. Yana zuƙar ruwa ta ƙafa, ya fitar da shi siriri ta baya. Wata ƴar roba ce ke tura ruwan, yashi da laka kuma suna cinye ta. In ruwan nan ya daina fita, a kashe inji nan take, in ba haka ba ya ƙone. Kada a tada shi a tudu babu ruwa, ko da na ɗan lokaci.

Mai sayen tsohon inji ya tafi da makaniki. A gwada shi cikin ruwa. A buɗe man ƙafa a duba. In ya yi fari kamar nono, ruwa ya shiga ciki.

Rai ya fi dukiya

A watan Mayu na 2021, wani jirgi da aka cika maƙil ya nutse a kogin Kwara kusa da Wara, cikin jihar Kebbi, mutane da yawa suka rasu. Inji ba ya ƙara wa jirgi girma. Kada a wuce yawan mutanen da aka rubuta. A ɗaure inji da igiya a jikin jirgi don kada ya faɗa ruwa. Matuƙi ya ɗaura igiyar kashe inji a hannunsa. A tanadi rigar ruwa, filafili da ƙwaryar kwalfe ruwa. In hadari ya taso, a fito tudu.

Inda kuɗin mutum ɗaya bai kai ba, masunta su haɗa kai cikin ƙungiya, su sayi inji guda. Su buɗe littafi, su rubuta kuɗin mai, kuɗin gyara da abin da aka samu kowace rana. Bayan damina ɗaya, littafin zai nuna musu ko ya dace su ƙara na biyu.