Wace Manhaja Ce Ta Dace Da Allon Sanarwar Garinku?

Sanarwa ba baƙuwa ba ce a garuruwanmu. Sankira ya yi zamaninsa, sannan takardar da ake mannawa a bangon masallaci ko ƙofar makaranta ta biyo baya. Yau matasa na son mayar da wannan allo cikin waya, domin farashin masara, ranar rigakafi ko cigiyar akuyar da ta ɓata su isa ga kowa. Sai dai da yawa sukan fara da tambayar wace manhaja ce ake yayi, alhali abin tambaya shi ne wacce za ta iya zama da mu.

Tarihi ya taɓa amsa wannan. A watan Fabrairun 1978, Ward Christensen da Randy Suess suka haɗa kwamfuta da layin tarho a birnin Chicago na Amurka, suka mayar da ita allon sanarwa. Mutum ya kira, ya karanta abin da aka bari, ya ajiye nasa, ya sauka wani ya hau. A 1984 Tom Jennings ya kawo FidoNet, inda alluna ke tara saƙonni da rana, su miƙa wa juna da daddare lokacin da kira ke araha. Da wannan dabara ƙungiyoyi da dama a Afirka suka soma aika imel a farkon shekarun 1990. Sirrinta ɗaya ne: an gina ta ne don layi mai rauni.

To, mu ɗauki misalin Riruwai, garin kuza da duwatsu suka kewaye. Wanda ya baro Tudun Wada ya ratsa dajin Falgore ya san yadda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, ya kuma san mai hawa tudu yana ɗaga waya sama don saƙo ya tafi. A irin wannan wuri, daidai ruwa daidai tsaki.

WhatsApp na da saƙon murya, wanda ke isa ga dattijon da bai yi boko ba. Amma zaure ɗaya ba ya wuce mutum 1,024, kowa na ganin lambar kowa, kuma sanarwar safe kan nutse cikin gaishe-gaishe kafin azahar. Telegram na ɗaukar mutum 200,000 kuma yana adana tsofaffin saƙonni, sai dai masu amfani da shi a karkara ba su kai na WhatsApp ba. Saƙon tes kuwa yana shiga har ƙaramar waya mai madannai, ba tare da data ba. Ga wani abin lura: tes ɗaya na ɗaukar harafi 160, amma da zarar ka sa ƙ, ɗ ko ɓ, sai ya koma 70, kuɗin ya ƙaru.

Mai sha'awar ƙere-ƙere kuma zai iya samun Raspberry Pi, kwamfutar da ba ta fi tafin hannu ba, ya haɗa ta da sola. Tana ɗaukar Synchronet ko Mystic, jikokin waɗancan allunan na da, ko Kiwix mai buɗe Wikipedia ba intanet. Wannan ya fi dacewa da makaranta, inda akwai malamin da zai kula da ita.

Kada a manta da Satumbar 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a Zamfara saboda matsalar tsaro. Allon da ya rataya kacokan a kan sabis, ranar da aka ɗauke shi ya zama kurma.

Saboda haka kafin a zaɓi manhaja, a fara zaɓar mutane. Masu riƙe da allo su zama aƙalla biyu, don kada wayar mutum ɗaya ta faɗa rijiya da tarihin gari. A tantance labari kafin a saka. Sanarwa mai nauyi kuma a rubuta ta a takarda, a manna a bangon masallaci ranar Juma'a, inda ba a buƙatar caji.