Shirin Musamman: Ƙaura da Kyanwa ta Jirgin Sama

Ƙaura da kyanwa zuwa wata ƙasa aiki ne da ake farawa watanni kafin a yanki tikiti, kuma cuta guda ce ta jawo haka: haukan kare. Kyanwa na kamuwa da ita, tana kuma iya sa wa mutum ta hanyar cizo. Ƙasashen da suka rabu da cutar ba sa wasa da ƙofarsu, don haka kusan duk takardun da ake nema saboda ita ne.

Da farko likitan dabbobi zai sa wa kyanwar 'yar na'urar shaida, wadda ba ta wuce ƙwayar shinkafa ba. Da allura ake tura ta ƙarƙashin fata, kuma tana ɗauke da lamba mai alƙaluma 15 da za a rubuta a kowace takarda. Bayan nan ne ake yin allurar riga-kafi. Idan aka yi riga-kafin kafin a sa na'urar, Tarayyar Turai ba ta lissafa shi, sai an sake. Ba a yi wa 'yar kyanwar da ba ta kai mako 12 ba, kuma sai an jira kwana 21 kafin a ce ya kama.

Kyanwar da za ta tashi daga Najeriya, Nijar ko Ghana zuwa Turai tana da ƙarin jira. Kwana 30 bayan riga-kafin a ɗebi jininta, a aika ɗakin gwajin da Tarayyar ta amince da shi, don a tabbatar garkuwar jikinta ta kai ma'aunin 0.5. Daga ranar ɗibar jinin kuma sai a ƙirga wata 3. Ke nan wanda aka ba wata guda ya kama aiki a Jamus, dole ya bar ta a hannun wani ta biyo shi daga baya. Takardar lafiya ita ce ta ƙarshe, domin kwana 10 kacal take da su kafin a isa bakin iyaka.

Kowace ƙasa da nata tsaurin. Birtaniya ba ta yarda kyanwa ta shigo a ɗakin fasinjoji ba, sai a sashen kaya, a sauke ta a wuri irin cibiyar karɓar dabbobi ta Heathrow. Shi ya sa wasu ke sauka a Faransa, su ƙarasa a mota ta hanyar ƙarƙashin teku daga Calais zuwa Folkestone. Ostireliya kan killace kyanwa aƙalla kwana 10 a Mickleham kusa da Melbourne, ban da jiran kwana 180 bayan gwajin jini. Amurka da sauƙi, in ban da jihar Hawaii.

Kamfanin jirgi ma yana da tasa dokar. Lufthansa, KLM da Turkish Airlines sukan bar kyanwa ta zauna a jaka ƙarƙashin kujerar gaba, muddin ita da jakar ba su wuce kilo 8 ba, kuma a nemi gurbin tun da wuri, don dabbobi kaɗan ake ɗauka a tashi guda. Qatar Airways ba ya barin kyanwa a ɗakin fasinjoji, amma shaho yana shiga, abin da ke nuna darajar farauta da tsuntsu a ƙasashen Larabawa. Wadda za ta bi sashen kaya tana buƙatar keji mai ƙwari, wanda za ta iya tsayuwa, ta juya, ta kwanta a ciki, kamar yadda ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta tsara. Kyanwa mai bajajjen hanci irin ta Farisa kuwa kamfanoni da yawa ba sa karɓarta a sashen kaya, saboda numfashinta kan sarƙe.

Wuri mafi haɗari ranar tafiya shi ne wajen binciken jami'an tsaro. Nan ake fito da kyanwar a riƙe ta a hannu, a tura jakar cikin na'ura. Ga hayaniya, ga baƙin fuskoki. Tana firgita sai ta kafa farce ta zille, kuma kamo ta a filin jirgi ba ƙaramin aiki ba ne. Masu dabara sukan ɗaura mata igiyar ƙirji tun daga gida, ko su roƙi a yi binciken a rufaffen ɗaki. Sukan kuma ajiye jakar a buɗe a tsakar ɗaki makonni kafin tafiya, da tsumman da ta saba kwana a kai, har ta riƙa shiga da kanta. Abinci kaɗan ake ba ta sa'o'i kafin tashi, amma ba a hana ta ruwa.

Maganin barci kuwa likitocin dabbobi ba sa son a ba ta, domin yana rage ƙarfin bugun jini da numfashi, a sashen kaya kuma babu mai lura da ita har jirgi ya sauka.